Indararon Nababa da Barkonon Gwaggo

"Ina wuni, bawan gidanmu? Ya gajiya? Af, na manta, wanda ya wuni a kishingiɗe ina ya ga gajiya."

"Lafiya lau, baiwata. Wa ya kwance ki da la'asar ɗin nan, ko igiyar ce ta tsinke?"

Hure ce tsaye a ƙofar zauren Nababa, mayafi a karkace, tana haki. Taubasai ne. Uwarta, marigayiya Kaltume, ƙanwar uban Nababa ce, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a wani ƙauye gabas da Makoɗa. Dukansu sun haura sittin, amma tun suna wasan ƙasa ba wanda ya taɓa jin sun yi gaisuwar mutunci. In suka haɗu a hanya, masu wucewa kan rage sauri, don sun san za a sha kallo.

Yau kam ba wasa ne ya kawo ta ba. Ruwa ya sauka sau biyu a farkon damina, ya ɗauke cak kwana goma sha bakwai. Rijiyar unguwa ta koma laka, tuƙa-tuƙan bakin masallaci kuma sai tari yake ba ya kawo komai. A bayan ɗakin Hure akwai ɗan fangali da bai fi tabarma ba, inda ta yafa ragowar irin barkonon innarta, wanda ta tsinta da rani ƙulle a bakin wani tsohon zane. Ƙananan barkono ne masu ƙamshi, ba a samun irinsu a kasuwa. Rana ta riga ta cinye kusan rabin abin da ya tsiro. A kan sauran take alwala sau biyar a rana don kada ɗigo ɗaya ya tafi a banza, kuma ta san in waɗannan suka mutu, irin ya ƙare ke nan.

Ɗakinta na jinka ne, ruwa ta ko'ina yake zirara, ba ya taruwa. Ruwan da ke raya fangalin nan tun Inna na da rai daga rufin kwanon Nababa yake zuwa, ta wani indararo da ya leƙo ta saman katanga. Ita kuwa Hure, shekara goma sha biyu ke nan tun da ta dawo gida jinyar innarta, duk damina sai ta yi wa indararon nan tijara, wai yana cinye mata katanga. To yau ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Ta mirgino randuna huɗu ta jera tana ta murna, ta ɗaga kai, sai ta ga wayam. Indararo ya juya mata baya.

"Ina indararo?"

"Wane indararo?"

"Nababa, kada ka raina mini hankali. Wanda ke leƙo mini gida kamar maƙwabci magulmaci."

"Au, wannan? Na sauya masa wurin aiki. Ba ke ce kika tsaya ranar sunan jikar Mati, gaban liman, gaban mai unguwa, kika ce in ban cire shi ba za ki rataya mini shi a wuya ki kai ni kasuwar Dawanau ki sayar ba?"

"Wa zai saye ka? Ko gyara aka ba da kai sai an dawo da kai kafin magariba."

"To ni dai na ji maganar baiwata, na cire. Sai ki rangaɗa guɗa."

Hure ta gyara mayafinta. Ta yaya za ta buɗe baki ta ce abin da ta shekara goma sha biyu tana tsine wa, yau shi take nema ido rufe? Kuma a gaban wa, a gaban Nababa, wanda zai kai labarin har majalisar mai shayi kafin a kira sallah. Ta waiga gabas, ta ga hadarin ya ƙara matsowa.

"Mayar da shi."

"Na'am? Kunnen nan nawa na hagu ya fara tsufa."

"Na dama ma ai tare aka haife su. Na ce mayar da shi inda yake."

"Don me?"

"Katangar ce ta kawo mini ƙara. Ta ce ta saba da wanka duk damina."

"Katanga ta fara magana? To dole. Wanda ya zauna da ke shekara goma sha biyu ko turmi ne sai ya koyi surutu."

"Da kai ta zauna shekara arba'in, me ta koya? Jingina."

Nababa ya ƙyalƙyale da dariya har hularsa ta zame, sanƙo ya bayyana. Ya miƙe yana gyara babbar riga, ya ce ta biyo shi ta ga arziki da idonta. A tsakar gida, gindin ɗakin kwanon, ga wani ƙaton duro na ƙarfe tsaye a kan bulo, indararon ya sunkuyo daidai bakinsa an ɗaure shi da waya. Nababa ya daddaki cikin duron, ya ba da amo, ya dube ta yana hura hanci.

"Daga Dawanau na ɗauko shi a bayan babur. Mutumin da ya ba ni ya rantse zuma ce aka zubo a ciki daga ƙasar waje. Lambu zan kafa a nan. Kankana, kabeji, karas, har tuffa."

"Tuffa! Kai da in ka doso ciyawa sai ta bushe don fargaba."

"Ki tambayi mutane waye Nababa a noma."

"Na tambaya. Sun ce kai ne ka shuka gyaɗa bara ta fito tumfafiya."

"Sabon iri ne, ba ki waye ba."

"Kuma kai ne jakinka ya ga gonarka ya juya da kansa, ya ce gara ya ci kwali."

"Wannan jakin ai daga danginku yake, shi ya sa ba shi da godiya."

Hure ta matso kusa da duron don ta ƙara masa wata, sai wani wari ya daki hancinta. Ta tsaya. Ta sake shinshinawa. Ta naɗe hannun riga, ta yi ɗage, ta zura hannu har kafaɗa ta shafo cikin duron. Da ta zaro, yatsunta biyar sun yi baƙi sulɓi, suna sheƙi.

"Nababa, zumar wace ƙasa ce baƙa haka, tana warin tashar mota?"

"Ƙudan zumar can ai ba irin namu ba ne. Manya ne, hayaƙi suke ci."

"Baƙin mai ne! La ilaha illallahu, baƙin man inji! Da wannan za ka shayar da tuffa?"

Daga madafa Ramlat, matar Nababa, ta leƙo da muciya a hannu. "Yaya Hure, tun ranar da ya kawo shi na gaya masa. Ya ce mura nake yi."

"Ke koma kan tuwonki, ba a sa da ke ba," in ji Nababa. Amma shi ma ya sunkuya ya shinshina, ya ɗago fuska a yamutse. Hure ta ji daɗi har cikin ranta, ta goge yatsunta a gefen babbar rigarsa, a nutse, ɗaya bayan ɗaya.

Sai iska ta taso. Ta fara da karkaɗa ganyen darbejiya, ta kwashi ledoji ta yi sama da su, kaji suka ruga ƙarƙashin rumbu, tantabarun Nababa suka tashi fir daga kan kwano. Can nesa cida ta yi gurnani, yara a waje suka ɓarke da ihu. Ƙamshin ruwa ya cika gari.

"To ga shi nan ya zo," in ji Nababa, ya fara rawar jiki. "Ara mini randa biyu, maza!"

"Randunan Inna ba sa kwana a gidan bayi."

"To ruwan kwanona ma ba ya tsallaka katanga ya je gidan marasa kunya."

"Kai da kwano ba mazubi, ni da mazubi ba kwano. Wa ya fi asara?"

"Ni ban yi asara ba. In ya zuba a ƙasa, ƙasata ce ta sha. Ke dai faɗi gaskiya, me za ki yi da randa huɗu na ruwa?"

"Wanki."

"Zanenki biyu ne, ɗaya yana jikinki."

"Akuyata."

"Akuyarki ɗaya, kuma rabin ranarta a gidana take wuni tana cin dusata."

"Zan yi wanka in yi kyau in sake aure."

"Wannan kam ko ruwan madatsar Tiga aka juye miki ba zai isa ba."

Walƙiya ta haska, aka yi tsawa mai ƙarfi har kwanon ya amsa. Hure ta ga in ta ci gaba da jan zance ruwan zai sauko ya wuce, randunanta na nan baki buɗe. Ta tuna ganyen nan da ta tarar da safe sun langaɓe. Girman kai ya fice mata daga ka. Ta cafki hannun rigar Nababa ta ja shi, ta zaure, ta lungu, har cikin gidanta, yana ta ihun a zo a cece shi baiwa ta yi tawaye. Ba ta sake shi ba sai a bayan ɗakinta, inda randuna huɗu ke jere a gindin katanga. Ta ɗage tsohuwar zanar da ta yi wa fangalin inuwa da ita.

Nababa ya matso. Ya tattara riga ya tsuguna a hankali, gwiwoyinsa na ƙara. Ya kai yatsa ya taɓa wani ɗan tsiro mai ganye huɗu, ya murza gefen ganyen kaɗan ya kai hanci.

"Na Gwaggo ne?"

"Na Inna ne."

"Hure, na ɗauka ya tafi tare da ita."

"Ni ma haka na ɗauka. A bakin zanenta na saƙi na same shi, ɗan ƙulli bai cika tafin hannu ba. Shi ke nan abin da ya rage."

"Kuma kika yi shiru?"

"In gaya maka ka yi mini dariya har Babbar Sallah?"

Bai yi dariya ba. Ya ɗaga kai ya dubi gurbin da indararon ya bari a saman katanga, ya ce, "Kin san wa ya sa shi a nan? Ranar da na yi rufin nan, kafinta waje ya nufa da shi, wajen lungu. Gwaggo ta shigo da sandarta ta ce a juyo mata shi, barkononta na so. Da kika dawo kika fara yi mini tijara, na je na same ta. Ta ce, ƙyale Hure, in ba ta yi faɗa ba abinci ba ya narke mata, amma kada ka kuskura ka taɓa indararon nan ina da rai. Bara da damina, duk saukar ruwa sai in ji shi yana dukan ƙasa a nan, ba barkono, ba Gwaggo. Raina ya dinga ɓaci. Shi ya sa bana na ce gara in cire."

Hure ta ji idanunta sun cika. Ashe duk shekarun nan Inna na zaune a kan 'yar kujerarta tana jin tijarar, tana dariya a ciki. Kewarta ta taso mata sabuwa fil, ta haɗu da kunya, ta rasa inda za ta sa fuskarta. Allah ya taimake ta, ɗigon farko ya faɗo tas a tsakiyar sanƙon Nababa, don hular ta sake zamewa.

"To tsugunon me kake yi kamar kaza a kan ƙwai? Tashi ka hau!"

"Ramlat! Tsani! Miƙo tsani ta katanga!"

Tsani ya leƙo ta sama, suka karɓe shi su biyu suka jingina. Nababa ya tuɓe babbar riga ya wurga a kan danga, ya danna hula, ya fara hawa yana bismilla a kowane mataki. Iska na kaɗa tsanin, Hure ta rungume shi da hannu biyu ta sa ƙafa ta tokare.

"Riƙe da kyau, ke!"

"Na riƙe. In za ka faɗo, ka faɗo ta hagu, barkono na dama."

"Ba kya tausayin ƙashina?"

"Ƙashinka ana ɗora shi. Wa ka taɓa ji ya ɗora barkono?"

"Wallahi in na mutu a nan, ke zan fara yi wa fatalwa."

"Da ranka ma ban ji tsoronka ba. Kwance wayar!"

"Ta ƙi! Da ƙarfi na murɗe ta."

"Yau ɗaya ka yi aiki da ƙarfi, shi ma a inda bai kamata ba. Sa haƙori!"

"Saura nawa gare ni da zan ba waya?"

Ɗigo ya zama yayyafi, yayyafi ya zama ruwa. Kwano ya ɗauki kiɗa har ba a jin magana sai da ihu. Nababa ya yi ta kokawa da waya, can sai ga ta ta saki. Ya rungumo indararon ya juyo da shi, ya ɗora bakinsa a tsohon gurbinsa na saman katanga. Ruwan da ya taru a makwararar kwanon ya kwararo gaba ɗaya, ya bi ta hannun rigarsa ya fita ta ƙafar wando.

"Ya zo! Hure, ya zo! Tara randa!"

"Ba yanzu ba!"

"Kin haukace? Ga ruwa na zuba!"

"Dubi kalarsa! Bari kwanon ya yi wanka tukuna. Kwana goma sha bakwai tantabarunka na aiki a kansa. In na ajiye wannan a randa, kwana uku zai yi wari kamar hularka."

Ta jawo wani guntun kwano ta kara, ta karkatar da jan ruwan nan mai kashin tantabara zuwa gindin zogale. Ta ce wannan ne kaɗai abin kirki da gidan Nababa ya taɓa fitarwa, zogale zai gode. Suka tsaya cikin ruwa suna kallon bakin indararo, shi a kan tsani, ita a ƙasa, kamar masu jiran ganin wata. Ja ya koma ruwan ƙasa, ruwan ƙasa ya koma fari. Hure ta tara tafin hannu, ta duba, ta kurɓa.

"Yanzu!"

Ta janye guntun kwanon, ruwa ya faɗa randar farko da ƙara mai zurfi. Ƙarar ta dinga hawa tana sirancewa har randa ta cika ta tumbatsa. Hure ta rangaɗa guɗar da tun ɗazu aka ce ta yi, Ramlat ta amsa mata daga bayan katanga. Nababa ya sauko ya fizgi bokiti. Yana tarawa yana juyewa a randa ta biyu, ita tana gyara zanar a kan fangalin don kada ƙarfin ruwan ya kwantar da tsiron. Sun yi karo ya fi sau uku. Ya ce ta taka shi da gangan, ta ce ƙafarsa ce ta cika gidan. Kafin ruwan ya sassauta randuna huɗu sun cika maƙil, har da tukunyar tuwo da butar alwala.

Suka rakuɓe a bakin ɗakin jinka, jiƙe sharkaf, suna haki. Ƙasa ta yi laushi tana ƙamshi. Hure ta leƙa ƙarƙashin zana ta ga ganyen sun ɗan miƙe, ta dubi randunanta, ta san ko ruwa ya sake ɗaukewa mako biyu tana da abin ba su. Daɗi ya cika ta har ta rasa zagin da za ta yi.

Nababa ya matse hularsa ya mayar. "To faɗi. Ki ce ruwan Nababa ne ya ceci barkono."

"Ruwan Allah ne. Kwanonka ɗan aike ne kawai."

"Ki ce ubangidana ya hau tsani saboda ni."

"Na ga bawa ya yi aikinsa, a makare."

"Gobe da sassafe zan sake juya shi."

"Juya mana. Ka shayar da tuffarka da baƙin mai, ta haifi babur."

Tana faɗa tana tsugunawa. Ta ɗauko wata sakaina a gindin danga, ta sa yatsu ta haƙo tsiro uku mafiya ƙarfi tare da ƙasarsu, a hankali don kada saiwa ta tsinke. Ta jera su a sakainar ta miƙa masa.

"Ungo. Ka dasa a gidanka, inda kaji ba sa kaiwa. In nawa suka mutu, kada a ce irin Inna a hannuna ni kaɗai ya ƙare. Gwaggonka ce kai ma."

Nababa ya goge hannuwansa a wando, ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallonsu. Da ya ɗago, sai ya yi gyaran murya ya haɗe rai.

"To da wane ruwan zan shayar da su, duk kin kwashe?"

"Kullum da safe ka zo da gwangwani, ka durƙusa a nan, ka ce ranki ya daɗe. In na ga dama in sam maka."

"Kwanona, indararona, ni na hau tsani, ni na sha dukan ruwa, kuma ni zan zo roƙo?"

"Kana so ko in karɓe abina?"

Ya janye sakainar ya ɓoye a ƙirji, dariya ta ƙwace masa har yana tari. "A'a, bar mini. Na yarda, yau ke ce uwargijiya. Ranki ya daɗe."

"Ban ji ba. Kunnen nan nawa na hagu ya fara tsufa."

"Na ce ranki ya daɗe, baiwar banza!"

Yayyafi bai gama tsayawa ba. Nababa ya cire hularsa ya kife a kan tsiron, ya nufi ƙofa yana takawa a hankali, sanƙonsa a waje ruwa na sauka a kai. Hure ta bi shi da kallo tana share ido da bakin mayafi, sai da ya kai zaure ta ɗaga murya.

"Nababa! Ɗan ɗaga hular kaɗan, kada warin ya kashe mini su!"